Gado Da Gudu: Kada Gwajin Miyau Ya Zaunar Da Kai

Akwai wata talla da ke yawo a Facebook da Instagram wadda ta tsaya mini a rai. Wasu kamfanonin ƙasashen waje ne ke cewa ka tofa miyau a 'yar kwalba, ka aika musu, ka biya da dala. Bayan 'yan makonni sai su turo maka takarda da ke nuna ko jikinka na cikin masu amfana da atisaye mai zafi, ko kuwa kana cikin waɗanda atisayen ba ya ƙara wa komai.

Kuɗin da ake karɓa yana damuna, amma abin da ya fi damuna shi ne tallar ta zo ta tarar da wata magana da dama can take bakin mutanenmu. A bakin filin ƙwallo da safe za ka ji saurayi ɗan shekara 25 yana cewa shi ya haƙura da tirenin, wata guda ya yi yana gudu haki bai ragu ba, kuma dama gidansu ba a gudu. Yanzu an zo an sa wa wannan magana rigar kimiyya.

Ga matsayina tun daga farko. Gado yana da hannu a yawan ƙaruwar da mutum zai samu daga atisaye, wannan babu musu. Sai dai har yau babu gwajin miyau ko na jini da zai karanta wannan gadon ya faɗa wa mutum guda abin da zai samu. Mafi yawan masu cewa jikinsu ya ƙi karɓa kuwa, in aka bi diddigi, ko dai awon da suka yi ne ya ruɗe su, ko kuma atisayen bai kai adadin da jikinsu yake nema ba. Gwajin gado ɗaya ne ya kamata ya dami mai gudu a ƙasarmu, wato na sikila, kuma ana yin sa a asibitin da ke kusa da kai.

Me ake aunawa tukuna?

Masana suna auna juriya da wani ma'auni da ake kira VO2max. Shi ne iyakar iskar oksijin da jiki zai iya ja ya yi aiki da ita cikin minti ɗaya sa'ad da mutum ya kai maƙura, ana ƙirga shi da mililita a kan kowane kilo na nauyin jiki. Saurayin da ba ya motsa jiki yakan tsaya tsakanin 35 da 40. Zakarun gudun dogon zango suna haura 70.

A ƙirji ake jin haki, shi ya sa mutane ke ɗora wa huhu laifi. Amma a jikin mai lafiya abin da ya fi iyakance wannan lamba shi ne yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, da yawan jan sinadarin jini, wato hemogulobin, wanda ke ɗaukar iskar zuwa tsoka.

Lambar ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. Wani nazari da mujallar likitanci ta JAMA ta buga a 2009, wanda ya haɗa bincike 33 da mutum sama da 100,000, ya gano cewa kowane ƙarin 3.5 a wannan ma'auni yana tafiya tare da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 13 cikin 100. Don haka wanda aka sa ya daina atisaye da hujjar gado, ba ƙaramin abu aka raba shi da shi ba.

Atisayen gudu-da-hutu, wanda ake taƙaita sunansa da HIIT, shi ne ka yi aiki mai zafi na ɗan lokaci, ka sassauta, ka sake komawa. Salon da aka fi bincika ya fito daga birnin Trondheim na ƙasar Norway. A 2007 Jan Helgerud da abokan aikinsa suka raba maza 40 gida huɗu, kowane gida da irin gudunsa, sau uku a mako har mako takwas. Masu gudu mai zafi na minti 4 sau huɗu, da sassarfa ta minti 3 a tsakani, sun ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Masu doguwar sassarfa a hankali ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Amma kashi 7 ɗin matsakaici ne. A cikin kowane rukuni irin wannan akwai wanda ya zarce shi nesa, akwai wanda lambarsa ta tsaya inda take. Daga nan gardamar ta samo asali.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe"

Masu cewa gado ne komai suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a kawo ta yadda take.

A 1992 Claude Bouchard ya jagoranci wani babban bincike a Amurka da Kanada mai suna HERITAGE. An ɗauko iyalai sukutum, iyaye da 'ya'yansu manya, waɗanda ba sa motsa jiki. Aka ɗora su a kan keken motsa jiki sau uku a mako har mako 20, an fara da minti 30 a sassauce aka kai minti 50 da ɗan zafi, na'ura tana lura da bugun zuciyar kowa don kada wani ya yi ha'inci. Sakamakon mutum 481 daga iyalai 98 ya fito a 1999. Matsakaicin ƙarin ya kai kusan mililita 400 a minti. Wasu ba su ƙaru da komai ba, wasu sun ƙaru da fiye da lita guda. Kuma bambancin ya bi gida-gida: masu ƙaruwa da yawa sun taru a wasu iyalai, masu ƙaruwa kaɗan a wasu. Masu binciken suka ƙiyasta cewa gado zai iya ɗaukar har kashi 47 cikin 100 na wannan bambanci.

An kuma gwada a jikin ɓeraye. A Jami'ar Michigan, Lauren Koch da Steven Britton sun riƙa haɗa ɓerayen da suka fi amfana da atisaye da junansu, waɗanda suka fi kasa amfana su ma da junansu. Bayan zuriya 15, ɓerayen layin farko suna ƙara nisan gudunsu da fiye da mita 200 bayan horo, na layi na biyu kuwa baya ma suke ci. Wanda ya ga wannan ba zai ce gado tatsuniya ba ce.

To amma a tsaya a karanta lambar 47 da kyau, domin ita ake jefa wa mutane a talla. Ba tana nufin rabin ƙoƙarinka banza ba ne, ko rabin ƙarfinka na mahaifinka ne. Tana magana ne a kan dalilin da ya sa mutanen rukuni ɗaya, da suka yi atisaye iri ɗaya, suka bambanta da juna. Canza atisayen, lambar ma ta canza. Sannan su kansu masu binciken sun kira ta iyakar sama, saboda 'yan gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba. Tukunya ɗaya suka ci, lokacin barcinsu ɗaya, ɗabi'arsu ta zama ko ta motsi ɗaya.

Akwai kuma giɓi biyu. HERITAGE ba shi da rukunin da aka bari ba sa atisaye don a kwatanta, saboda haka da wuya a raba bambancin da horo ya kawo da wanda sauyin jiki na yau da gobe da kuskuren na'ura suka kawo. Greg Atkinson da Alan Batterham a Ingila sun daɗe suna nuna wannan rauni. Na biyu, atisayen da aka yi a can tuƙin keke ne a miƙe ba tsayawa, ba gudu-da-hutu ba.

A 2020 masu bincike a birnin Perth na Ostareliya suka yi abin da ya fi kusa da raba gardama. Suka ɗauko tagwaye, wasu masu kama ɗaya sak da suka fito daga ƙwai guda, wasu marasa kama. Kowa ya yi wata uku na atisayen juriya, ya huta, ya yi wata uku na ɗaga ƙarfe. Da gado ne ke jan ragamar, da tagwayen ƙwai guda sun ƙaru daidai wa daida fiye da sauran. Ba haka aka gani ba. Tasirin gado a kan ƙaruwar ya fito da rauni, kuma kusan duk wanda bai amfana da wani salo ba ya amfana da ɗayan.

Wani zai ce to 'yan Kenya da Habasha fa? Wannan tambaya ce ta daban. Zama zakaran duniya yana buƙatar jiki na musamman, kuma akwai misalai na fili, kamar Eero Mäntyranta na ƙasar Finland, mai tseren kan ƙanƙara da ya ci lambobin Olamfik bakwai, wanda daga baya aka gano iyalinsa suna da wani canji a ƙwayar halitta da ke sa jininsu ya yi yawa fiye da na kowa. Amma malamin makaranta mai son ya hau bene ba tare da haki ba, ko mai neman shiga aikin soja da ke son ya wuce gwajin gudu, ba Olamfik za su ba.

Abin da kwalbar miyau take dubawa

A 2011 Bouchard ya koma kan jinin mutanen HERITAGE ya tace wurare sama da 300,000 a ƙwayoyin halittarsu. Ya fitar da alamomi 21, wato wuraren da suka tafi tare da yawan ƙaruwa. Masu ɗauke da 19 ko fiye na nau'in da ke taimakawa sun ƙaru da kimanin mililita 600, masu 9 ko ƙasa da haka da kimanin 220. A lokacin an ɗauka an gano bakin zaren.

Ƙa'idar wannan fanni ita ce alama ba ta zama hujja sai ta sake fitowa a wasu mutane daban. A 2021 aka buga binciken Predict-HIIT, wanda masana a Jami'ar Queensland suka jagoranta, da mutum 507 da suka yi gudu-da-hutu ko atisaye a miƙe. Babu alama ko ɗaya da ta kai matakin da ake yarda da shi a irin wannan bincike, kuma tsofaffin alamomin da aka yi ta yayatawa ba su iya hasashen waɗanda za su ƙaru ba. Wannan shi ne bincike mafi kusa da tambayarmu, kuma amsarsa ke nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Juriya ta rataya ne a kan girman zuciya, yawan jini, ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, da injinan ƙona abinci da ke cikin kowace ƙwayar tsoka. Ɗaruruwan ƙwayoyin halitta ne ke da hannu, wataƙila dubbai, kowacce da ɗan tasirinta ƙanƙani. Gano su yana buƙatar dubban mutane da aka horar ƙarƙashin kulawa, wanda ba a yi ba tukuna.

Kamfanonin kuwa sun fi dogara da 'yan ƙwayoyi kaɗan da suka yi suna, irin su ACE da ACTN3. Ɗauki ACTN3. Kimanin Bature ɗaya cikin biyar ko shida ba shi da furotin ɗin da wannan ƙwaya ke samarwa a tsoka, kuma a talla su ne ake cewa an halitta don juriya. Wani bincike na 2007 ya duba 'yan Najeriya, 'yan Kenya da 'yan Habasha. A 'yan Kenya kimanin mutum ɗaya cikin 100 ne ke da wancan nau'in, a 'yan Najeriya kusan babu. Ke nan ƙasar da ta fi kowa zakarun gudun dogon zango kusan ba ta da nau'in da ake cewa na juriya ne. Kuma ɗan Najeriya da ya biya dala, kusan tabbas sakamakonsa a wannan ƙwaya irin na maƙwabcinsa ne.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye ta wata fuskar ma. Alamomi 21 ɗin nan daga jinin fararen fata aka tsamo su. A manyan binciken ƙwayoyin halitta na duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka duba 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin halitta. Ma'aunin da bai yi aiki a kan waɗanda aka ƙera shi dominsu ba, ta yaya zai yi a kan Bakano ko Bazazzagi?

Tun a 2015 gungun masana wannan fanni suka fitar da matsaya ta haɗin gwiwa a mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya cewa irin waɗannan gwaje-gwaje da ake sayar wa jama'a kai tsaye ba su da gurbi wajen zaɓen 'yan wasa ko tsara wa mutum atisaye. Masu cewa ai gwajin ba ya cutarwa ba su yi tunanin wanda aka rubuta wa "ba ka amsawa" ya ajiye takalminsa ba.

"Na yi wata biyu ban ga komai ba"

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ban yarda a amsa shi da cewa ragwanci ne ba. Amma tambayar farko ita ce: da me ka auna?

Ko a ɗakin gwaji mai na'urar numfashi, mutum ɗaya da aka auna yau aka sake auna shi jibi, sakamakon yakan bambanta da kimanin kashi 5 cikin 100. Idan ƙarin da ake sa rai kashi 7 ne, kuma ka yi awon farko a ranar da kake garau, na biyu a ranar da ba ka yi barci ba, ƙarin ya ɓace a takarda alhali yana nan a jiki. Agogon hannu da ke nuna VO2max ƙiyasi yake yi daga bugun zuciya da saurin tafiya, kuskurensa ya fi haka. Wanda ya yi awon farko da sanyin Janairu, na biyu da zafin Afrilu, yanayi ya auna ba juriya ba.

Tambaya ta biyu: nawa ka yi? A 2017 David Montero da Carsten Lundby a birnin Zurich suka raba maza 78 gida biyar. Gida na farko awa ɗaya a mako, na biyu awa biyu, har zuwa na biyar awa biyar, tsawon mako shida. A masu awa ɗaya, kashi 69 cikin 100 ba su ƙaru ba. A masu awa biyu kashi 40, a masu awa uku kashi 29. A masu awa huɗu da biyar babu ko mutum ɗaya da bai ƙaru ba. Sai suka kwashe duk waɗanda ba su ƙaru ba suka ƙara musu awa biyu a mako na wani mako shida. Dukkansu suka ƙaru. Ƙwayoyin halittarsu ba su canza a mako shida ba.

Robert Ross a Kanada ya ga irin haka a 2015 ta fuskar zafi. Bayan mako 24, a masu atisaye kaɗan mara zafi kimanin kashi 38 ba su ƙaru ba, a masu yawa mara zafi kimanin kashi 18, a masu yawa da zafi babu ko ɗaya.

A ganina a nan gado yake aikinsa na gaskiya: yana saka farashi. Wani da kwana biyu a mako zai samu abin da wani sai ya yi kwana huɗu. Na yarda wannan ba daidaito ba ne, kuma mai fita kasuwa tun asuba ya dawo bayan magariba ba lallai ya samu awa biyar ba. Shi ya sa gudu-da-hutu yake da amfani gare shi, domin yana cusa zafi mai yawa a lokaci kaɗan. Amma a nan ma akwai tarko. Gajerun salon nan na daƙiƙa 20 da ake yayatawa sun yi aiki a bincike, Martin Gibala a Kanada ya nuna haka, amma da sharaɗin mutum ya ba da iyakar ƙarfinsa a kowane zagaye, abin da yawancin mutane ba sa iya yi su kaɗai. Wani nazari na 2019 da ya haɗa mutum 677 ya nuna cewa salon mai dogon zagaye, irin na minti 4, ya fi gajeren fitar da waɗanda ƙaruwarsu ta bayyana a fili.

Tambaya ta uku ita ce wadda binciken Turai ba ya yi, mu kuwa dole mu yi: yaya jininka? Hemogulobin ne ke ɗaukar iskar. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki tana shan jini. Mace mai zubar da jini da yawa a al'ada, ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, sau da yawa jininta a ƙasa yake. Mai ƙarancin jini zai yi ta gudu lambarsa ba ta motsa ba, ya ɗora wa kakanninsa laifi, alhali gwajin PCV mai araha, wanda ke auna yawan jajayen ƙwayoyin jini, zai nuna matsalar, magani da abinci mai ƙarfe kamar hanta, wake da ganye su gyara ta.

Gwajin da ya fi na miyau

Ana yin sa da agogo da fili. Kenneth Cooper ne ya tsara shi a 1968 don sojojin saman Amurka: ka yi gudu iya ƙarfinka na minti 12, ka auna nisan. Hanyar tsere ta filin wasa mita 400 ce, zagayen cikakken filin ƙwallo kusan mita 345. Cire 505 daga mitocin da ka yi, ka raba abin da ya rage da 45, za ka samu ƙiyasin lambarka. Mita 2,000 na ba da kimanin 33, mita 2,200 kimanin 38.

Yi gwajin sau biyu kafin ka fara, da tazarar kwana uku, ka ɗauki matsakaici. Wanda bai taɓa gudu ba ya fara da mako uku ko huɗu na tafiya da sauri da 'yar sassarfa kafin ya taɓa wannan gwaji.

Atisayen kansa minti 40 ne. Ɗumama jiki minti 10 da sassarfa. Sai gudu mai zafi minti 4 sau huɗu, da sassarfa ko tafiya da sauri minti 3 a tsakaninsu. Sai minti 5 na hucewa. Sau biyu a mako da farko, daga baya sau uku, kuma kada ranakun su jeru.

Zafin da ake nema kashi 85 zuwa 95 ne na iyakar bugun zuciya. Ana ƙiyasta iyakar ta hanyar ninka shekarunka da 0.7 ka cire daga 208. Ɗan shekara 30 zai samu 187, ke nan yana neman bugu 160 zuwa 178 a minti. In babu agogon bugun zuciya, ka dafa jijiyar wuya da zarar ka gama zagaye, ka ƙirga na daƙiƙa 15: bugu 40 zuwa 44 ne. Ƙiyasin na iya kuskure da bugu goma sama ko ƙasa, don haka ka haɗa da alamar baki: a minti biyu na ƙarshe ya zama kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba duk ƙarfi a zagayen farko, na uku da na huɗu su koma jan ƙafa. Zagaye na huɗu ya kamata ya kai nisan na farko. In bai kai ba, ka yi gaggawa. Kuskure na biyu shi ne akasinsa, mutum ya yi sassarfa mai daɗi ya kira ta zafi. Na uku, tsayawa cak ko zama a lokacin hutu, wanda ke sa jini ya taru a ƙafa a ji jiri. Na huɗu, yi kullum. A ranar hutu jiki yake gina abin da atisaye ya nema.

A watannin zafi a yi bayan sallar asuba, a sha ruwa kafin a fita. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, mai asma ya haƙura. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki da awa biyu, ko a rage zuwa sau ɗaya a mako.

Bayan mako takwas ka maimaita gwajin Cooper sau biyu, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya, da takalmi ɗaya. Ƙarin da ya haura mita 100 a kan 2,000 ya fi ƙarfin kuskuren awo. In bai kai ba, kada ka yanke hukunci. Ka duba PCV da zazzaɓi. In jini lafiya, ka ƙara kwana biyu na sassarfa ta minti 45 a mako, ka sake wani mako takwas. In har yanzu shiru, ka sauya salo gaba ɗaya zuwa keke ko dogon gudu a miƙe. Wani bincike na 2016 a Kanada ya sa mutum 21 sun gwada salo biyu ɗaya bayan ɗaya, aka ga da yawa daga waɗanda suka tsaya a wani salon sun motsa a ɗayan.

Ko da lambar ta yi nauyin tashi, ba ita kaɗai ce ribar ba. Hawan jini, sukarin jini, faɗin ƙugu da bugun zuciya a zaune duk suna iya gyaruwa a jikin wanda nisan gudunsa bai canza sosai ba, kuma kowannensu ana iya auna shi.

Gadon da ya kamata a tambaya

A Najeriya, tsakanin mutum ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa. Muna tambayar wannan wajen aure saboda sikila, amma ba ma tambayarsa a filin wasa, kuma abin yana ba ni takaici.

Mai AS lafiyayye ne, akwai zakaru da yawa masu ɗauke da shi, kuma babu dalilin hana shi gudu-da-hutu. Sai dai idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafin rana da rashin ruwa a jiki, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a tsoka, tsokar ta fara narkewa, dattinta ya danne ƙoda. Wani bincike a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000, da aka buga a 2016, ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin wannan narkewar tsoka da kimanin rabi, ko da yake ba su fi su mutuwa ba a rundunar da ke bin ƙa'idar ruwa da hutu. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman sanin matsayin 'yan wasanta a kan wannan tun 2010, bayan mutuwar wasu ɗalibai a wajen horo.

Mai AS ya hau a hankali cikin makonni, ya tsaya a salon minti 4 maimakon tsere iya ƙarfi sau da yawa babu isasshen hutu, kuma kada ya yi atisaye mai zafi yana zazzaɓi ko bai daɗe da tashi daga shi ba. Idan ƙafafu suka yi sanyi suka ƙi ɗaukarsa, ko baya da cinyoyi suka ɗauki ciwo mai tsanani a tsakiyar gudu, ya tsaya nan take, kada wani ya ce masa ya daure. Fitsari mai launin baƙin shayi bayan atisaye na nufin asibiti a ranar, ba washegari ba. Mai SS kuwa, wato mai ciwon sikila, da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da mai jin ciwon ƙirji ko jiri in ya motsa, sai likita ya gan su kafin su fara.

Kocin da ke horar da yara 30 a filin unguwa, a lissafi shida ko bakwai daga cikinsu AS ne, kuma da yawansu ba su sani ba. Ina roƙon masu horarwa su riƙa tambayar wannan a ranar farko su rubuta a littafinsu, su ajiye jarkar ruwa a bakin fili, su kuma daina hukunta yaron da ya makara da zagaye goma a tsakar rana.